Ina so in mayar da motocina da gidana na kamfani, uwargida ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne a Edmonton, jihar Alberta ta ƙasar Kanada. Motoci biyu gare ni, ina jan ɗaya, wani yaro yana jan ɗayar, kuma har yau da sunana nake harkar. Dala 260,000 na saye su su biyun. Dillali ya ce yanzu za su kai 170,000, a takardun haraji kuma saura 70,000 ya rage musu, banki yana bina 95,000 a kansu. Ina da filin ajiye motoci da na saya 200,000, yanzu ana taya shi 320,000, ba bashi a kansa. Sai gidan da muke ciki, da sunana ni kaɗai, ana kan biyan bashinsa. Wani abokina a masallaci ya ce in buɗe kamfani in zuba komai a ciki har da gidan, wai harajin ƙaramin kamfani kashi 11 ne kawai, kuma ko mota ta yi haɗari ba mai taɓa min dukiya. Na riga na yi wa kamfanin rajista. Ina kuma so in ba uwargida hannun jari, in ba ƙanena da ke Kaduna, wanda ya taimaka min da kuɗi lokacin sayen mota ta farko. Uwargida ta ce ba da yawunta za a sa gida a kamfani ba, har gaisuwa ta fara yi mana nauyi. Ni gani nake tsoro ne kawai irin na mata. Yaya zan yi in shawo kanta?

Ɗan'uwanka daga Edmonton

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare hanya.

Ba zan taya ka shawo kan uwargida ba, domin a maganar gida ita ce da gaskiya, kuma dokar jihar da kake zaune ma tana bayanta. Zan dawo kan wannan. Bari mu fara da motocin, don nan ne ka fi kusa da yin ɓarnar da ba ka ma hango ba.

A wurinka kamfanin nan kai ne. A wurin hukumar harajin Kanada, CRA, kamfanin wani mutum ne dabam, kuma duk abin da ka miƙa masa sayarwa ka yi. Sashe na 69 na dokar harajin kuɗin shiga ya ce idan mutum ya ba wanda suke da alaƙa ta kusa kadara a ƙasa da farashinta, kamar kamfanin da shi ke juya shi, to za a ɗauka ya sayar a farashin kasuwa, ko da ko sisi bai shiga aljihunsa ba. Akwai masu rubuta takardar ciniki a kan dala ɗaya suna ganin sun yi dabara. Su ne suka fi shan kashi: su za a yi musu lissafi da cikakken farashin kasuwa, kamfanin kuma a bar shi da kuɗin saye na dala ɗaya, ranar da ya sayar a sake cin haraji a kan ribar da an riga an biya.

Duba lissafinka. Shekarun nan kana cire ragin tsufan mota daga ribarka kafin a yanka maka haraji. Manyan motocin dakon kaya da nauyinsu ya wuce kilo 11,788 suna rukuni na 16 ne, inda ake cire kashi 40 cikin ɗari a shekara, shi ya sa darajarsu a takarda ta faɗi zuwa 70,000 alhali a kasuwa suna 170,000. Idan ka canza suna kawai ka sa na kamfani, hukuma za ta ce ashe ragin da ka ci ya yi yawa da dala 100,000, ta maido shi cikin kuɗin shigarka na wannan shekara, dukansa ba rabi ba. Filin kuma ya yi ribar 120,000, rabinta ake sa wa haraji, wato 60,000. Ka ga an ɗora maka 160,000 a kan abin da ka saba samu, a jihar da matakan harajin mutum suke hawa har kashi 48. Ba ka sayar wa kowa komai ba, ba ka karɓi kuɗi ba, amma takardar biya tana nan tafe.

Hanyar kauce wa wannan tana nan a cikin dokar, ba ɓoyayya ba ce, sashe na 85 ne. Kai da kamfanin za ku sa hannu tare a fom mai lamba T2057, ku zaɓi farashin da za a ɗauka an yi cinikin a kai saboda haraji. Farashin ba zai haura na kasuwa ba, kuma a irin halinka ba zai gaza darajar da ke takarda ba. Ka zaɓi 70,000 ga motoci, 200,000 ga fili, sai ya zama ba riba ba ragin da za a maido, ba abin biya a yau. Sharaɗin farko shi ne dole cikin abin da kamfanin zai ba ka a madadin kayan a samu hannun jarinsa, ko da guda ɗaya ne, kuma a fitar da shi da gaske, lauya ya rubuta shi a kundin kamfani. Kayan ma sai irin waɗanda doka ta yarda: motoci, injuna, filin da ake aiki a kansa, sunan da sana'a ta yi a wurin abokan hulɗa, duk suna shiga. Filin da mutum ya saya don ya yanka ya sayar ba ya shiga.

Amma ka riƙe wannan da kyau, don abokinka bai faɗa maka ba: jinkiri ne aka yi maka, ba yafiya ba. Kamfanin zai gaji ƙaramar darajar nan ta takarda, hannun jarin da ka karɓa ma da ƙaramin kuɗin saye za a rubuta su. Ranar da kamfani ya sayar da motocin, ko ka sayar da hannun jarin, ko Allah ya yi maka rasuwa aka ɗauka ka sayar da komai a ranar, harajin zai taso.

Bashin banki shi ne inda nake so ka nutsu. Duk abin da kamfani ya ba ka wanda ba hannun jari ba ne, ko tsabar kuɗi, ko takardar alkawarin biya, ko ya ɗauke maka bashi, ana ƙirga shi a matsayin abin da ka karɓa, kuma farashin da kuka zaɓa ba zai iya gaza shi ba. Bashin motocinka 95,000 ne, darajarsu a takarda 70,000. Idan kamfani ya ɗauki bashin gaba ɗaya a kan motocin, doka da kanta za ta ɗaga farashin zaɓi zuwa 95,000, ko me kuka rubuta a fom, sai 25,000 ta faɗo maka cikin kuɗin shiga. Mutane da yawa ba sa ganin wannan sai bayan an gama, saboda a tunaninsu bashi nauyi ne aka sauke, ba kuɗi ne aka karɓa ba. Mafita uku ce kusan kullum. Ko ka rage bashin zuwa 70,000 kafin ranar miƙawa, ko kamfani ya ɗauki 70,000 kawai ragowar ya tsaya a wuyanka, ko in har filin zai shiga, akanta ya ɗora rarar bashin a kan filin, tunda can akwai sarari har 200,000. Kuma bankin sai ya yarda kafin a taɓa sunan da ke kan motocin, sannan kusan tabbas zai ce ka tsaya wa kamfanin da kanka.

Shi filin, ra'ayina ka dakata da shi. Akwai daɗi a sa shi, ba zan ɓoye maka ba. Tunda ka saye shi 200,000 ba bashi, kamfani zai iya ba ka takardar alkawarin biyan har wannan adadi, ka riƙa karɓa a hankali daga ribar kamfanin ba tare da ƙarin haraji a kanka ba, domin kuɗinka ne ake maido maka. Alberta kuma ba ta da harajin canza mallakar ƙasa irin na Ontario, kuɗin rajista kawai ake biya a ofishin filaye, wanda ba ya kai wancan ko kusa. Amma sashe na 85 ƙofar shiga ce kawai. Fitar da kadara daga kamfani zuwa sunanka ana lissafa shi a farashin kasuwa, kamfani ya biya haraji a kan riba, kai ma ka biya a kan abin da ka karɓa. Fili kuwa shi ne abin da ke ƙara daraja a cikin kayanka, motoci kullum ƙasa suke yi. In ka sa shi a kamfanin da ke da tirela biyu a kan titi cikin ƙanƙara, ka ajiye shi ne daidai inda masu ƙarar kamfanin za su fara dubawa. Za ka iya barinsa da sunanka ka ba kamfani haya a farashin da ake bayarwa a unguwar, da takarda. Kamfani ya cire hayar daga ribarsa, kai ka bayyana ta a naka. Wasu kamfani na biyu suke buɗewa don riƙe fili kawai, amma wannan lissafin kamfani biyu ne kowace shekara da kuɗin akanta biyu, ban ga ka kai nan ba tukuna. In badi ka ga akwai amfani, ƙofar tana buɗe.

Yanzu gida. Gidan da mutum yake zaune da iyalinsa yana da gata a harajin Kanada wanda babu wata kadara da ke da irinsa: duk ribar da ya yi a shekarun da kake cikinsa ba a cin haraji a kanta idan ka sayar, sai dai ka bayyana cinikin a takardar shekara, kamar yadda ake buƙata tun 2016. Wannan gata na mutane ne, kamfani ba ya samunsa. Ranar da gidan ya koma sunan kamfani, duk darajar da zai ƙara daga nan ta zama abin haraji. Bayan haka, kai da iyalinka kuna kwana a gidan kamfani, sashe na 15 zai ɗauki wannan a matsayin moriyar da mai hannun jari ya ci, a ƙiyasta ta a sa maka haraji kowace shekara, sai dai in kana biyan kamfaninka cikakkiyar haya daga kuɗin da ka riga ka biya wa haraji. Bashin gidan ma an ba ka shi ne a matsayin mai zama a ciki, banki ba zai bari ya koma kan kamfanin sufuri da sharuɗɗa iri ɗaya ba. Maganar kariya kuwa a juye abokinka ya kawo ta. Amfanin kamfani shi ne ya raba bashin sana'a da dukiyar gida. In ka ɗauki gidan ka kai shi cikin kamfanin, ka cire katangar da kanka.

Akwai kuma asara ta gaba. Wanda ya sayar da hannun jarin ƙaramin kamfaninsa yana iya samun yafiyar haraji a kan riba har zuwa wata iyaka a tsawon rayuwarsa, iyakar da aka ɗaga zuwa dala miliyan 1.25 daga 25 ga Yuni 2024. Sharaɗinta, kashi 90 na darajar kadarorin kamfanin ya zama na aikin sana'ar ne a ranar sayarwa, fiye da rabi kuma a cikin wata 24 kafin nan. Gidan kwana ba kayan aikin sufuri ba ne, kuma shi kaɗai zai iya rinjayar motocin biyu a sikeli.

Ko da duk wannan bai gamsar da kai ba, akwai dokar Alberta mai suna Dower Act. Ta hana mai aure sayar da gidan da suke zaune, ko ba da shi, ko jinginar da shi, ba tare da rubutacciyar yardar abokin zamansa ba, idan gidan da sunan mutum ɗaya yake. Ofishin filaye ba zai karɓi takardarka ba sai da sa hannun uwargida, kuma ana tambayar ta ita kaɗai, ba ka wurin, ko da son ranta ta sa. Saboda haka abin da ka kira tsoro irin na mata haƙƙi ne da doka ta ba ta. Ita ta bar danginta ta bi ka ƙasar da ba ta da kowa, gidan nan shi ne abin da take gani a matsayin madogararta da ta yara in wani abu ya same ka a hanya. Ka same ta ka ce ka bincika, maganarta ce daidai. Ba zai rage ka da komai ba, kuma za ka buƙaci haɗin kanta a sauran tsarin.

Kashi 11 ɗin nan gaskiya ne, kashi 9 na tarayya da kashi 2 na Alberta, a kan dala 500,000 na farko na ribar sana'a, ga kamfani mai zaman kansa da ba baƙi ke juya shi ba. Sai dai kuɗin da ya kwana a cikin kamfani ne kaɗai ke cin wannan sauƙi. Da zarar ka fitar da shi, a matsayin albashi ko rabon riba, harajin mutum zai hau kansa, kuma an tsara dokar ne yadda in an haɗa biyun zai zo kusa da abin da ka saba biya. In kana barin riba don sayen mota ta uku, kamfani zai amfane ka sosai. In kuwa duk abin da ya shigo yana tafiya a cefane da bashin gida da aike Kaduna, ribar da za ka gani ba ta da yawa, ga kuɗin akanta ya ƙaru. Kai ka san wanne ne naka. Kuma daga ranar da kamfani ya fara aiki, asusunsa ba aljihunka ba ne. Kuɗin da ka ɗiba ka aika gida ba tare da an rubuta shi albashi ko rabon riba ba, rance ne a kanka, in ba ka maido ba cikin shekara ɗaya bayan ƙarshen shekarar lissafin kamfanin, a haɗa shi da kuɗin shigarka na shekarar da ka ɗauka.

Wani abu kuma a gefe: kamfani zai iya tsare ka daga ɓarnar da yaronka ya yi a kan titi, amma in kai ne a kan sitiyari, ana iya kai ƙararka da sunanka, kamfani ko ba kamfani. Inshora mai kauri ita ce garkuwarka a nan.

Batun rabon hannun jari, kada ka yi shi kafin a miƙa motocin ba tare da tsari ba. Idan uwargida da ƙanenka suna riƙe da kaso, kai kuma ka zuba kayan 170,000 ka karɓi abin da bai kai haka ba, doka za ta ga ka yi wa dangi kyauta ta bayan fage, ta ɗaga farashin zaɓin, harajin da ake gudu ya dawo. Yadda masu aikin suke yi shi ne a ba ka hannun jari na musamman mai tsayayyar daraja daidai da abin da ka zuba bayan an cire bashi, a lissafinka 100,000 in kamfani ya ɗauki bashin 70,000, sannan sauran su sayi hannun jari na yau da kullum da kuɗinsu, su ci moriyar abin da kamfanin zai ƙaru nan gaba. A kuma sa sharaɗi a yarjejeniyar cewa in hukuma ta ƙi yarda da farashin, za a gyara darajar hannun jarin. Wannan sharaɗi yana aiki ne idan an yi ƙoƙari na gaskiya wajen ƙiyasi, don haka maganar baki ta dillali ba ta isa ba, a rubuce za ka karɓa.

Tun 2018 an toshe hanyar raba riba ga iyali don rage haraji. Rabon ribar da uwargida za ta karɓa za a ci shi a mataki mafi tsada, sai dai in tana aiki a kamfanin da gaske, kamar matsakaicin awa 20 a mako. In ita ke riƙe maka rasit da amsa waya da bin kuɗi, ka biya ta albashin da ya dace da aikin, a rubuce, ya fi sauƙi.

Ƙanenka kuma, kafin ka tambayi akanta ka tambayi kanka: kuɗin nan da ya bayar rance ne, ko jari ne, ko gudummawa? Ka ce ya taimaka, amma ban tabbata shi ma haka yake kiransa ba. In rance ne, ka biya shi ka ƙara masa da alheri, magana ta ƙare. In kuwa a ransa yana da kaso a motar farko, to ba ka da ikon miƙa ta ga kamfani kamar taka ce kai kaɗai, kuma fom ɗin da za ka sa wa hannu zai faɗi abin da ba haka ba. Ku yi magana ƙarara, da shaidu, ku rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a kan bashi. In ya zama mai hannun jari yana zaune a Najeriya, duk rabon ribar da za a aika masa sai kamfani ya cire haraji tun daga tushe ya kai wa hukuma, kashi 25 a asali, yarjejeniyar haraji tsakanin Kanada da Najeriya ta sauko da shi zuwa 15 ga mutum. Kada kuma kasonsa ya kai ga juya kamfanin, domin in iko ya koma hannun wanda ba mazaunin Kanada ba, kashi 11 ɗin ya tafi. Ni dai da za ka bi tawa, ka sallame shi da kuɗi. Hannun jari ba ya ƙarewa da mutum biyu, yana shiga gado, wata rana 'ya'yanka da nasa ne za su zauna a kansa.

Abin da ya rage aikin takarda ne, amma yana da lokaci. T2057 sai ya isa hukuma kafin ranar da ta fi kusa tsakanin ranar miƙa takardar harajinka, 15 ga Yuni ga mai sana'ar kansa, da ta kamfanin, wata shida bayan rufe shekararsa. An yarda a makara har shekara uku, da tara da ke iya kai dala 100 a kowane wata. Kuɗin da kake bin waɗanda ka yi wa dako suna da nasu fom, T2022, don kamfani ya iya cire wanda ya ƙi biyuwa. Harajin GST, wato harajin kaya da ayyuka na kashi 5, shi ma yana hawa wannan ciniki, sai an yi wa kamfanin rajistar GST an cike fom mai lamba GST44 kafin a kauce masa. Inshora, rajistar motoci, takardar izinin sufuri da kwangilolinka duk su koma sunan kamfani a rana ɗaya da miƙawar, kada a samu ranar da mota take ta kamfani inshora kuma tana sunanka.

Tunda kamfanin yana nan fanko, ba abin da ya ɓaci. Kada ka canza sunan komai a wannan makon. Ka tara takardun sayen motocin, lissafin ragin tsufa na shekarun baya, takardar banki mai nuna ragowar bashi da rubutaccen ƙiyasin dillali, ka kai wa akanta mai lasisin CPA, wato shaidar ƙwararrun akantoci, wanda ya saba cike T2057, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi wa mai motocin dako. Shi zai haɗa ka da lauyan da zai rubuta yarjejeniyar. Ka tafi da uwargida zaman farko.